Zoben zoɓo

Gidanmu gidan tawada ne. Baba ya haura shekara 40 yana karantar da almajirai a zaurensa a Gangare cikin garin Jos, ni kuma shagon buga takardu nake riƙe da shi a hanyar Bauchi, can wajen jami'a: fotokofi, fasfo, katin biki, sitika, da aikin ɗalibai idan ƙarshen zango ya matso. Shi kurtu da alƙalamin gamba, ni sirinji da firinta. Yayyena idan suna son tsokanata sai su ce na gaji sana'ar Baba amma na baro ladan a zaure. Abin da dai ba a musu a kai, farcenmu ni da shi ba ya rabuwa da baƙi.

Hunturun bara wata hajiya ta kawo mini aikin sitika 300 na bikin 'yarta, irin wadda ake mannawa a jikin bokitai da kofunan rabo. Takardar da na saba saye ta yanke a kasuwa, mai kayan ya miƙo mini wata mai sheƙi, ya ce ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ashe ko dangi ba su haɗa ba. Wadda na saba da ita an shafa mata wani abu a fuska mai shan tawada, wannan kuwa leda ce zalla, tawada ba ta da wurin shiga sai dai ta zauna a kai. Na buga 20 na gwaji da yamma, na shimfiɗa a tebur, na rufe shago. Da safe na tarar da fuskar amarya kamar wadda ƙyanda ta feso wa.

Asarar ba ta taka kara ta karya ba. Na sa aka aiko mini da takardar gaskiya daga Kano, hajiya ta karɓi aikinta kwana 2 kafin ɗaurin aure. Tabon ne ya tsaya mini a rai. Maƙwabcin shagona mai gyaran waya ne, yana da na'urar nan mai ido biyu da suke leƙa cikin injin waya da ita, sai na ɗauki sitika ɗaya na kai masa. Da na ɗora ido sai na ga ƙananan ɗige-ɗigen da firinta ta fesa sun haɗu sun zama ƙwallaye-ƙwallaye, ko wanne bai kai ƙwayar gero ba, kuma ko wanne ya bushe da baki mai duhu, tsakiya kuwa wayam. Zobba ne, ɗaruruwa, jere a kumatun amarya.

Na ce, “Ɗigon ya buɗe ido.” Mai gyaran waya ya ɗago ya kalle ni, ya zaci da shi nake.

Maganar Baba ce. Muna yara, haɗa tawada aikinmu ne ranar Alhamis da babu karatu. A daka gawayi, a tankaɗe da tsohon ɗankwali, a jiƙa ƙaro tun dare har ya narke, a haɗa a ɗora a wuta a yi ta juyawa. Ƙaro kuwa da kuɗi ake sayensa, kuma yana da daɗin tauna, saboda haka ba kullum yake isa tukunya yadda Baba ya auno shi ba. Ba ya tuhumar kowa. Zai tsoma alƙalami ya ɗiga ɗigo ɗaya a gefen allo, ya jingine, ya ci gaba da lazimi. Idan ya bushe ya ɗauko ya duba. In ɗigon ya fito baƙi ƙirin ciki da bai, mun tsira. In kuwa bakinsa ya yi baƙi tsakiyar ta yi fari-fari, sai ka ji ya ce, “Ɗigon nan ya buɗe ido. Wa ya ci ƙaro?”

Ba don kwalliya yake wannan tsanani ba. A rubutunmu na allo harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama, haruffan ba da nun a tsakiyar kalma wurin zaman ɗigo ne kawai ke raba su. Ɗigon da ya buɗe ido kuwa ɗauri yake kama da shi, 'yar da'irar nan da ake ɗora wa harafi. Yaron da ke tsakanin babbaƙu da farfaru, ka ba shi allo mai irin wannan ɗigo, ka ɗaura masa wahala.

Fiziks na karanta a jami'a, ko da yake takardar tana ƙasan akwati tare da kayan sallar da suka yi mini kaɗan. Mun lissafa tafiyar taurari, mun lissafa ruwa a cikin bututu, amma ba wanda ya taɓa ce mana ga abin da ke gudana cikin ɗigon da ke bushewa a tebur. Ban ga laifin malamanmu sosai ba, don su kansu masanan duniya ba su daɗe da warware shi ba. Sai a 1997 wani ɗalibi a Jami'ar Shikago da ke Amurka, Robert Deegan, tare da Sidney Nagel da Thomas Witten da wasu abokan aiki 3, suka fitar da bayanin a mujallar Nature. Tabon gahawa a kan tebur suka sa a gaba, shi ya sa har yau sunan da ake kiran abin da shi ma'anarsa zoben gahawa. Da a Jos suka yi aikin, da zoben zoɓo za a ce, kuma da ya fi daɗin faɗa.

Da zoɓon na fara nawa gwajin, ni da autata mai shekara 9. Na farko bai yi ba, don wanda uwargida ta riga ta zuba wa sukari muka ɗebo. Ya yi danƙo ya ƙi bushewa, tururuwa suka riga mu zuwa. Muka koma wa tsagwaron ruwan zoɓo, muka ɗiga da sirinji a kan wani farin tayil da ya rage daga gyaran banɗaki. Iskar hunturu a garin nan, da ke sama da teku da wajen mita 1,200, ba ta wasa da danshi. Kafin minti 40 ɗigon ya tafi, ya bar jan layi siriri kamar an zana da biro, cikinsa ɗan shuɗi-shuɗin ja da sai ka karkata tayil ɗin za ka gani. Alhali lokacin da muka ɗiga shi, tsakiyar ce ta fi ja, don nan ne ruwan ya fi tudu.

Auta ta tambaye ni abin da ya kamata kowa ya tambaya: “Abba, wa ya kwashe jan ya kai gefe?”

Ga yadda abin yake. Ɗigo idan ya sauka a tayil, zama yake kamar ƙwaryar da aka kife, tsakiya tudu, gefe ba kauri. Bakinsa, wato layin da ruwa da tayil da iska suka haɗu, kafewa yake wuri ɗaya. Tayil ɗin da hannunka ke ji sumul, a wurin ruwa gargada ne da kwazazzabai, bakin ɗigon ya maƙale a cikinsu. Ƙwayoyin farko da suka isa bakin su ma sai su ƙara danne shi. Saboda haka ruwan yana raguwa amma faɗin ɗigon bai ragu ba. Ƙwaryar ce kawai ke ta yin ƙasa-ƙasa tana komawa faifai.

Sannan bushewar ba daidai take a ko'ina ba, gefe ya fi tsakiya sauri. Duk wanda ya taɓa sallar Juma'a a babban masallacin Jos ya san dalili. Idan liman ya sallame, wanda ke sahun waje a bakin titi ya kusa gida kafin na tsakiyar masallaci ya ga takalminsa. Tururin da ke tashi daga tsakiyar ɗigo tururin maƙwabtansa ya kewaye shi dama da hagu, hanyarsa ɗaya ce, sama. Na gefe kuwa ga sama, ga fili fetal a gabansa inda ba ruwa ba danshi.

To haɗa biyun ka gani. Gefe shi ne mai ƙaramin jari, shi ne mai yawan asara, kuma an hana shi ja da baya. In ba a kawo masa ɗauki ba, ai ya ƙafe nan take. Ruwa kuwa ba ya yarda siffar ƙwaryar nan ta lalace, saman ɗigon kamar fatar ganga yake, kullum yana ja yana daidaitawa. Sai ruwa ya riƙa gangarowa daga tsakiya zuwa gefe yana cike gurbin wanda iska ta shanye. Yana zuwa da kayansa, launin zoɓo ko garin gawayi ko gishiri. Ruwan ya tashi ya bi iska, kayan ba su da fuka-fuki, su zauna a nan. Wani ruwan ya zo ya sauke nasa. Haka har ɗigon ya ƙare, kusan duk abin da ke cikinsa an yi masa jigila zuwa baki.

Na so in ga wannan jigilar da idona. Na jiƙa garin gawayi a kofi, na bari manyan suka kwanta, na zuƙo na saman da sirinji, na ɗiga a gilashin wani tsohon firam na hoto, muka sa a na'urar maƙwabcina bayan ya tashi daga aiki. Da farko ba ka ganin komai sai baƙaƙen ƙura suna ɗan rawa a wuri ɗaya. Sai ka tsayar da ido a kan guda, ka ga tana jan ciki a hankali, kullum waje take nufa, ko ta gabas take ko ta yamma. Masu nauyi sun nutse sun zauna a tsakiya kamar jakunan da suka ƙi tafiya. Ƙananan ne matafiya. Da ɗigon ya kusa ƙarewa, ya zama shimfiɗa ba kauri, sai tafiya ta koma gudu. Abin da ya ɗauki minti 20 yana rarrafe, a mintin ƙarshe sai ka ga yana tsere yana cin karo da 'yan'uwansa, kamar kasuwar Taminus ana gobe Sallah. Mai gyaran waya, wanda da farko yake ganin na rasa aikin yi, shi ya ƙwace na'urar ya ce in sake ɗiga wani.

Dalilin gudun ba wuya. Gefe bai rage shan ruwa ba, amma hanyar da ruwan ke bi ta ƙara matsewa, dole ya ƙara sauri. Masu bincike a Jami'ar Twente da ke Holan sun auna wannan a 2011, suka kuma ga abin da na'urarmu ba ta kai ta nuna ba: ƙwayoyin da suka isa da wuri, a natse, jeruwa suke sahu-sahu gwanin kyau a can bakin waje, waɗanda suka zo a guje daga ƙarshe kuwa jibgewa suke a hargitse ta ciki. Zobe ɗaya, amma wajensa sahu ne, cikinsa turmutsitsi.

Idan bayanin nan gaskiya ne, to in ka cire ɗaya daga cikin sharuɗɗan, zoben ya kamata ya ɓace. Wannan ne ya fi burge ni a aikin mutanen Shikago, don ba su tsaya ga lissafi ba, sun gwada. Ni ma na bi sawunsu da kayan gida. Na sayo gwaza da ganyensa a Farin Gada. Ganyen gwaza ruwa ba ya kama shi, ɗigo yana zama a kai kamar dutsen ado yana gangarawa. Bakinsa ba shi da inda zai maƙale, saboda haka yana bushewa yana tsukewa, yana tattara kayansa yana shigewa ciki, a ƙarshe ya bar ɗan tabo ɗaya tal kamar tsinin allura. Babu zobe. Su mutanen Shikago a kan roba mai santsi irin ta cikin kaskon da ba ya kamu suka yi nasu, sakamako ɗaya.

Na biyu, a hana gefe bushewa. Na huda murfin kwalbar ruwa da allura mai zafi, na kife shi a kan ɗigo yadda hujin ya daidaita da tsakiyarsa, tururi ba shi da mafita sai ta nan. Wannan yana cin lokaci. Na bar shi a tebur na tafi Isha'i, na dawo na tarar tebur yana ƙyalli, murfin yana kwandon shara.

“Malam, in za ka yi bincikenka ka riƙa rubuta takarda ka ajiye,” in ji uwargida. “Ni dai datti na gani.”

Gaskiyarta. Washegari na rubuta takardar. Da safe na ɗaga murfi, tabon ya bazu kusan bai ɗaya, bakin bai fi cikin duhu sosai ba.

Akwai wani motsi na biyu a cikin ɗigo, wanda ke jayayya da na farko, kuma a nan ne masu haɗa tawadar firinta suke cin abincinsu. Na ce saman ruwa kamar fatar ganga yake. To ƙarfin jan fatar ba ɗaya ba ne a kowane ruwa. A ma'aunin da ake amfani da shi, na ruwa tsagwaro wajen 72 ne, na sifirit wajen 22. Sabulu yana rage shi, zafi ma yana rage shi. Idan wani sashe na fatar ya fi wani ƙarfi, mai ƙarfin zai janyo mai raunin, ruwan da ke ƙarƙashi ya biyo baya. Ka barbaɗa yaji a faranti mai ruwa, ka taɓa tsakiya da yatsan da ya shafi sabulu, ka ga yadda yajin zai watse gefe kamar an jefa dutse cikin kaji. Ba sabulun ne ya tura shi ba, fatar gefe ce ta fizge shi. Auta ta yi wannan sau ba adadi har yajin gidan ya yi ƙasa. James Thomson, yayan shahararren masanin nan Lord Kelvin, ya bayyana abin a 1855 daga hawayen da giya ke yi a jikin kofi, kowa da abin da ke tebur ɗinsa. Bayan shekara 10 wani Ba'italiye, Carlo Marangoni, ya yi digirinsa a kai a Jami'ar Pavia, sunansa kuma shi ya bi abin.

A cikin ɗigo mai bushewa, wannan jan yana tasowa da kansa. Ruwa idan zai zama tururi, zafi yake ɗauka ya tafi da shi, dalilin sanyin ruwan randa ke nan. Ɗigon da ke kan gilashi yana samun ɗumi daga ƙasa, ƙololuwarsa ce ta fi nisa da gilashin, ita ta fi sanyi, fatarta ta fi ƙarfi. Sai ta riƙa janyo fatar gefe zuwa sama, ruwan ya taru a ƙololuwa ya nutse ƙasa, ya sake bi ta ƙasa ya nufi gefe. Kewayawa ke nan, kamar ana gauraya koko da ludayin da ba a gani. Idan kewayawar ta yi ƙarfi, ƙwayar da ta iso baki ba ta samun zama, a sake ɗebe ta a mayar ciki. Hua Hu da Ronald Larson na Jami'ar Mishigan sun nuna haka a 2006 da okten, wani ruwa daga cikin dangin fetur: kayan a tsakiya suka taru, ba a gefe ba. A ruwa kuwa wannan kewayawar rauni gare ta, don ɗan dattin da bai kai a gani ba, maiƙon yatsa ko burbushin sabulu, ya isa ya kwanta a fatar ya kashe ta. Shi ya sa shayi da zoɓo da ruwan burtsatsen da ya bushe a gilashin mota duk zobe suke bari.

Na gwada da sifirit ɗin da nake wanke kan firinta da shi, na gauraya da ruwan gawayin nan rabi da rabi. Wannan ba rarrafe a ciki. Ƙurar tana juyawa kamar guguwa, nan ta yi gabas nan ta yi yamma, don sifirit ɗin yana riga ruwa tashi, ko'ina ƙarfin fatar yana canzawa. Bayan ɗan lokaci sifirit ya ƙare, guguwa ta lafa, sauran ruwan ya koma halinsa na jigila zuwa gefe.

Tun daga nan na daina yi wa tawadar firinta kallon ruwa mai launi. Ɗigon da kan firinta ke fesawa ƙanƙane ne ƙwarai, ɗigo ɗaya na maganin ido sai a raba shi gida fiye da miliyan 10 kafin a samu irinsa. Kowane ɗaya ana so ya sauka ya bushe a cike. Saboda haka ake haɗa ruwan da wasu sinadaran da ba sa saurin tashi, da masu rage jan fata, a auna su yadda kewayawar ciki za ta yi maganin jigilar gefe, sannan a yi takarda mai shanye ruwan tun kafin ya fara tafiya. Tawada da takarda tare aka ɗaura musu aure. Ni na raba su, na kawo wa tawada baƙuwa, fuskar amarya ta biya. Kamfanonin da ke buga hanyoyin lantarki da fuskar talabijin da irin wannan feshi sun fi ni shiga uku idan ɗigo ya buɗe ido, don a wurinsu wuta ce ba za ta bi daidai ba.

Wata dabarar da ta ba ni dariya ita ce ta Jami'ar Fensilbeniya, ita ma a 2011. Peter Yunker da Arjun Yodh da abokan aikinsu ba su taɓa ruwan ba, siffar ƙwayoyin suka canza. Suka ɗauki masu kama da gero suka miƙar da su suka koma kamar shinkafa. Masu siffar gero suna mirginawa su wuce juna har baki. Masu siffar shinkafa da sun taɓa saman ruwa sai su lanƙwasa fatar, su manne da juna, su saƙa wata tabarma sako-sako a saman ɗigon wadda jigila ba ta iya ja. Ruwa ya ƙare, tabarma ta sauka ta rufe wurin bai ɗaya.

Wasu kuma ba kashe zoben suke so ba, aiki suke so ya yi musu. Bakin ɗigo tsukakke ne kamar bakin gatari, ƙaramar ƙwaya ta fi kutsawa can ƙurya, babba ta tsaya a baya, sai ka samu zobe cikin zobe, kowa da girmansa. Mutumin Jos ba sai an yi masa dogon bayani ba, mun ga masu wankin kuza suna barin ruwa ya raba musu yashi da ma'adini. An yi amfani da wannan wajen raba ƙwayoyin cuta da ƙwayoyin jiki a ɗigo ɗaya, kuma a Jami'ar Vanderbilt an yi aikin neman hanyar gane zazzaɓin cizon sauro daga irin zoben da ɗigo ya bari, don a samu gwajin da ba ya bukatar wuta ko na'ura mai tsada.

Ƙaro fa? Nasa aikin daban ne da duk waɗannan. Kauri yake ba ruwa, ruwa mai kauri kuwa ba ya saurin tafiya, kuma yana riƙe garin gawayi kada ya dunƙule. Ɗigon yana rasa ruwa ƙaron yana ƙara kauri, kafin jigila ta yi nisa komai ya daskare a inda yake. Abin da sukari ya yi wa zoɓonmu na farko ke nan. In ya yi yawa kuma wata matsalar ce, alƙalami ya riƙa ja, rubutu ya yi ƙyalli ya tsattsage. Shi ya sa Baba yake aunawa.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko na je gaishe shi, da tayil ɗina da sirinji a jaka. Ido ya fara yi masa nauyi, ya bar wa ƙanena yawancin karatun, amma har yanzu shi ke duba tawada. Na zauna a ƙasa na kwashe labarin nan duka na faɗa masa, har da Shikago. Ya saurara yana jan carbi.

A nan ne mai rubutu a Facebook zai ce tsoho ya yi murmushi ya ce ai mun san wannan tun kafin a haifi Bature. Ba haka aka yi ba, kuma ni wannan maganar ta “kakanninmu sun riga su” ta fara gundurata. Baba ya san maganin, sani na hannu da ido wanda ni da digirina ban da shi. Dalilin kuwa, nasa daban ne, kuma ba daidai ba ne. Cewa ya yi nauyi ne. Ɗigo tudu ne, gawayi yana da nauyi, dole ya gangaro daga kan tudu ya taru a gindi, kamar yadda ruwan sama ke tara yashi a gindin dutsen Shere. Ƙaro kuwa ɗaure shi yake kada ya gangaro.

Na ce, “Baba, in da nauyi ne, in aka kife allon ɗigon yana rataye, ai a tsakiya za su taru ko?”

Ya ce, “Sosai.”

Mutanen Shikago sun riga sun gwada wannan, amma ban faɗa masa ba. Na roƙi ƙanena ya tsarma tawada da ruwa sosai a murfin kwalba, na ɗiga ƙaramin ɗigo a tayil, na juya shi a hankali na ɗora gefunansa a kan kofuna biyu, ɗigon yana kallon tabarma. Baba ya sa aka kori yara daga wajen kada su ture. Muka yi hirar gida, aka kawo fura, aka kira La'asar muka je muka dawo. Shi da kansa ya ɗaga tayil ɗin, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya matso da shi har ya kusa taɓa hancinsa. Akwai ɗan duhu a tsakiya inda manyan gawayin suka taru, wannan nasa ne. Amma ga zoben nan a gefe, baƙi, siriri, a rufe ruf.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa ya shafa gefen, ya duba yatsan.

“Ya hau tudu ke nan,” ya ce.

“Ya hau, Baba.”

“Da kayansa a ka.”

Ya miƙo mini tayil ɗin, sannan ya fasa, ya ajiye shi a bayan buzunsa kusa da kurtu. Ya ce wa ƙanena gobe a kawo masa allo biyu da tawada kashi uku, ɗaya ba ƙaro, ɗaya rabin awo, ɗaya cikakke, zai kife su da kansa, don tayil ba allo ba ne kuma bai yarda da sirinji ba. Ni kuma ya ce in na tashi zuwa in taho da na'urar mai gyaran waya, in mai ita zai ba da aro.